Daulolin Saman Shagon Awudu

Ƙarfe tara na dare a Nima,
an rufe rumfuna, kwata na ta gunaguni,
mu huɗu muke hawa benen Awudu mai gyaran waya.
Sidi biyar awa guda,
kowa da daularsa a aljihu.

Fuseini Rumawa yake ɗauka, kullum Rumawa.
Yaron mota ne, Nima zuwa Kaneshi,
ya san kowane rami kamar ɗan ɗakinsu.
Shi yaƙi bai dame shi ba,
hanya yake shimfiɗawa, dutse bayan dutse,
miƙaƙƙiya kamar zaren masaƙa,
sai ya jingina ya ce, ku duba,
ko ƙwai ka ɗauko a kan wannan, lafiya zai sauka.

Lariba ta ce Masar.
Ba don Fir'auna ba, Allah ya tsare,
don rumbu.
Tun tana 'yar shekara tara take zuba wa uwarta shinkafa da wake a ganye,
ta san yadda tukunya ke ƙarewa layi bai ƙare ba.
Mu muna ƙera mashi, ita tana tara alkama.
In yunwa ta shigo taswira
mu zo ƙofarta kai a ƙasa,
ta sayar mana da tsada, tana taunar cingam.

Seidu, Sin da ganuwarta.
Ruwan bara ya shiga ɗakinsu har gwiwa,
ya tafi da katifa da takardun makaranta.
Tun daga nan gini yake yi,
katanga bayan katanga,
har ya manta bai bar wa kansa ƙofa ba.

Ni kuwa Gana ta dā nake so,
wadda ba ta taɓa ganin wannan teku ba,
mai zinariya daga kudu, gishiri daga arewa.
Kakan kakana da ƙafa ya zo da jakuna,
ya sauke kanwa a Salaga, ya ɗauki goro.
Jininsa ne ke motsa yatsana:
kasuwa nake buɗewa, ayari nake turawa,
ina ciniki, ana ƙone mini gari.
Sau goma sha ɗaya aka ci ni a watan nan.
Ban sauya ba.

Daren jiya ina gab da ramawa,
raƙumana sun cika allo,
sai aka ɗauke wuta.
Rum ta faɗi, Masar ta faɗi,
ganuwar Sin ta tafi ba ko ƙara.
Shekara dubu uku,
sai fanka tana juyin ƙarshe.

A cikin duhun Awudu ya yi magana,
shi da ba ya wasa, sai dai ya tsaya bayanmu da shayi:
Waɗannan ƙananan da kuke latsawa,
masu sarar itace, masu ɗaukar dutse,
yaya sunansu?
Fuseini ya ce ba su da suna, ma'aikata ne.
In ɗaya ya mutu fa?
Lariba ta ce hatsi hamsin, a fito da wani.
Awudu ya kurɓi shayi, bai ƙara ba.

Muka sauko muna lalube da hasken waya.
A gindin bene wata 'yar dako ta yi barci
kanta a cikin kwanon da ta wuni da shi a ka,
takalminta ɗaure a hannu kada a ɗauke.
Seidu ya tsallake ta a hankali.
Ni na tsaya.

Yau da aka kawo wuta na koma.
Na zaɓi Gana, kamar kullum.
Kafin in buɗe kasuwa na matso da allon kusa,
na bi wani ƙaramin mai ɗaukar gishiri
daga rami har rumbu, daga rumbu har rami.
Ina kallonsa Rumawa suka shigo ta yamma.
Sau goma sha biyu.