Tukunya Biyu a Gadarif

Murhun innata Hajjo tukunya biyu yake ɗauka,
ta dama ta ciki ce, ta hagu ta haɓa.
Ranar da na dangwali ta hagu, ina 'yar shekara biyar,
harshena ya kwana uku yana yi mini tsiya,
Inna ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗa toka.

A nan in an yanke riɗi ba a bar wa awaki karansa.
Mu tara, mu ƙone a bayan gida,
a zuba tokar a tulu mai huji a gindi,
ruwa ya bi ta ciki, ɗigo bayan ɗigo,
ya fito ja kamar shayin bakin kasuwa.
Sai ta jefa ƙwai.
In ya yi iyo, ruwan ya kai.
In ya nutse ta ce, ku ƙaro toka.

Kitsen rago daga wurin Tijjani mahauci,
man riɗi daga matsar da raƙumi ke zagayawa ido a ɗaure,
ɗan gishiri don ya kama jikinsa,
mahalab cikin tafi ɗaya.
Na ce, Inna, tafin wa?
Ta ce, nawa mana.

A dama kuwa albasa ke soyuwa har ta yi launin ƙasar damina,
dakakken busasshen nama, tumatir, garin kuɓewa
wanda maƙwabta ke kira weka, mu mu ce kuɓewarmu ce dai.
Kisira ta sauko daga wuta shara-shara,
ka ɗaga ta ka hangi ƙofar gida.
Juma'a sai tuwon dawa da miyar kuka,
don kada harshenku, in ji ta,
ya manta hanyar da kakanni suka biyo da ƙafa.
Muciya biyu, ba sa gaisawa.
Ta sabulu jan zare ne a wuyanta.

Baba Ɗan'azumi wanzami ne,
inuwar darbejiya, daf da tashar motocin Kasala.
Bai taɓa yarda da sabulun kanti ba,
ya ce kumfarsa 'yar gudun hijira ce,
kafin aska ta iso ta tashi.
Ta Hajjo kuwa zama take a haɓa
kamar baƙon da ya san an yi masa shimfiɗa.

Ranar wata Talata ta dafa na ƙarshe.
Ta mulmula goma sha ɗaya,
ta danna babban yatsa a tsakiyar kowanne,
ta jera a kan katako ta ce,
kada a taɓa sai sun kwana arba'in, ɗanye cin fata yake.
Ta kwanta da ɗan ciwon kai.
Ba ta ji kiran asuba ba.

Baba ya rataye zabira.
Gemu da saje suka cinye masa fuska.
Ni na gaji murhu, rabinsa dai.
Tafina bai kai nata ba,
gishirina kullum ko ya wuce ko bai iso ba,
ya ci ya ce madalla, ya bar rabi a akushi.

Ranar arba'in, da aka watse, aka kife kwanuka,
ya shiga ɗaki ya fito da guda.
Ya daɗe yana shinshinawa.
Ya zauna a kan turmi, ya wasa aska a tafin hannu.
Na ga yadda yake jiƙa shi:
ta gefe, ta ƙasa, ta gefe,
yana kewaye gurbin yatsan nan
kamar raƙumin matsa.

Saura uku yanzu,
da ƙananan zobba takwas da ya ɓoye a gwangwanin shayi.

Jiya na ƙone karan riɗi.
Na tace, na jefa ƙwai, ya tafi ƙasa abinsa.
Baba ya leƙo, kumfa a rabin fuska,
ya dubi tulu, ya dube ni,
ya ce, ƙaro toka.