Labulen Gado na Shida

Ƙarfe biyu saura, ruwan Agusta na dukan kwano,
mai Keke Napep ya sauke ta a ƙofar gaggawa,
bai karɓi ko sisi ba.
Takalmi ɗaya a ƙafarta.
Ɗayar ƙafar sanye da lakar Farin Gada.

Mai yankan kati ya ɗaga biro:
"Me ya fito da ke a tsakar daren nan?"
Na ɗora tafina a kan littafinsa.
Malam Ɗanjuma, wannan tambaya ba ta da gurbi a katinmu.

Labulen gado na shida ba ya haɗuwa,
tun bara muke kai ƙorafi.
Na zare fil daga ɗankwalina, na ɗinke bakinsa biyu.
Iyakar ɗakin da zan iya gina mata ke nan.

Na ce, sunana Nanret, ni ce nas ta dare.
Zan zauna, in kin yarda.
Zan riƙe hannunki, in kin yarda.
In kin ce a'a, to a'a ce,
a nan kalmar tana da nauyinta.
Ta daɗe tana kallon silin.
Sannan ta ce a'a, a hankali, kamar mai gwada ƙafa a rafi.
Na janye hannuna. Muka jira tare.

Dokta Zulaihat ta shigo da muryar da ba ta tayar da jariri,
ta faɗi sunan kowane abu kafin ta ɗauke shi.
Ƙwayoyi a tafin hannu,
waɗanda ke tsere da agogo, kwana uku kacal suke da shi.
Zanen da ya yage muka naɗe a takarda, ba a leda ba,
na rubuta lokaci, na sa hannu,
ko za ta nemi shari'a gobe,
ko baɗi, ko ba za ta nema ba.

A baranda yayanta na safa da marwa:
"Sista, a rufa mana asiri, kada unguwa ta ji."
Na ce, asirin nata ne,
kunyar kuwa tana can inda mai ita ya gudu da ita.
Je ka samo mata shayi mai zafi.

Wajen asuba ruwa ya tsagaita.
Ta riƙe kofin da hannu biyu,
ta ce, "Buhunan dankalina suna can a buɗe."
Sai kuka ya zo, wanda ya ƙi zuwa tun dare.
Wannan karon ita ta miƙo hannu.

"Sunana Kangyang," ta ce. "Rubuta shi daidai."
Na rubuta.
Na ba ta silifas ɗina na cikin loka
da ranar da za ta dawo.

Na hau motar Bukuru ɗankwali yana zame mini.
Fil ɗin na bar shi a jikin labule.
Wata za ta zo.