Awon Ƙofa a Saga

Na zo da igiyar awo da alli da tiyo,
bayan la'asar, Isa na kwance can gangare
kamar bai taɓa cin gidan kowa ba.

Ɗakin haihuwa ne, ƙofa uku, kuɗin biyu.
Bango ya riƙe shaidar bara,
zane ja-ja daidai ƙugun Nomau yarona:
santimita saba'in da huɗu daga dandamali.
Na ƙara taƙi guda a bisa,
don kogi ba ya maimaita bara, ƙari yake yi.

"Ki kai shi har sama mana,"
in ji Habsu ungozoma, tana share sabulu a zane.
Na ƙwanƙwasa bulo, ya amsa holoƙo.
Na ce, bango ma yana da iyakar ɗaukarsa.
In ruwa ya haura mita yana turi,
gara ya shigo ya jiƙa takardu
da ya kwantar da gini bisa mai naƙuda.
Ta dube ni, ta dubi bangon,
ba ta ce ta yarda ba.

Abin ba ya son kuran, ba ya jiran a farka.
Faifan ƙarfe ne mai iska a ciki,
yana barci a rami ƙarƙashin dokin ƙofa.
Ruwa ya cika ramin, sai ya tashi tsaye
kamar gora a tafki.
Wanda ya zo ɓarna, shi zai rufe wa kansa ƙofa.

Faɗi, mita ɗaya da ashirin.
Yatsa huɗu dama, yatsa huɗu hagu,
inda roba za ta ciji gini.
Ranar da babu ruwa, ya kwanta daidai da ƙasa,
kada gadon turawa ya yi tuntuɓe,
kada tsohuwa mai kwanon kunu ta faɗi.

Nomau ya riƙe kan tiyo, na riƙe wutsiya,
muka jira ruwan ciki ya daina rawa.
Da ruwa nake auna ruwa,
shi kaɗai ba ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya.

Duk wannan, Tankari maigadi na fifita gawayi.
Sai da shayi ya tafasa ya ce,
"Kin auna inda ya tsaya.
Ba ki tambayi inda ya shigo ba."

Ya ja ni baya.
Ƴar ƙofa ce, gajera, kusa da kaniho
da leda ta shaƙe wa wuya.
"Daren nan buhun yashi talatin na jera a gaba,
ina kallon kogi, ina jin kaina namiji.
Ƙarfe biyu, wani sanyi ya taɓa mini dunduniya.
Ta baya ya zo, ba sallama."

Tiyo ya ba shi gaskiya:
baya ta fi gaba ƙasa da taƙi da rabi.
Na goge alli da yawu, na sake lissafi.
Babban faifai nan zai kwana.
Na biyu a gaba.
Ta uku, ta gefe, na ce a toshe da sima.

"A'a," in ji Habsu.
"Ta nan wadda ta zo da ciki ta koma hannu sake
ke fita, ba idon kowa."
Na rubuta: matakala huɗu, a ɗaga ƙofar.
Kuɗin, ban san daga ina ba.

Muna naɗe igiya, magariba ta kawo kai,
wata ta leƙo ta bisa katanga,
gidan laka, ɗaurin kai mai ruwan toka.
"Malama, ruwan da kika kora daga nan,
ina za shi?"

Tiyo na hannuna, yana ɗiga bisa takalmi.
Na ce wa Nomau, kar ka zubar.
Zaga ka riƙe mini kai a ƙofarta.