Tsohuwar Ƙidaya

Ƙarfe sha ɗaya, rana ta take Yamai,
Gambina ta leƙo daga taga ta uku:
"Injinki ya koma barci.
Wani tsoho daga Bukoki, Shekarau Alka,
minti tara yana riƙe da takardar fansho
kamar kwanon da ya ƙi hucewa."

Na buɗe taswirar da jagora ya zana.
Haka nake kiransa, jagora,
ɗan abin nan da ke cikin rumbun bayanai.
Shi ba ya ɗauko kowa,
nasa dai ya ce: a bi nan, ta fi arha.

Ƙofa biyu na gina masa,
fihirisar ranar haihuwa, fihirisar gari.
Ya wuce ta farko, ya faɗa ta gari,
don a littafinsa Yamai mutum dubu huɗu ce,
ƙidayar shekarar da aka kwance shi daga kwali.
Yau dubu ɗari uku ne da ɗoriya.
Ba wanda ya faɗa masa.
Sai ya bi su gida-gida,
Talaje, Yantala, Harobanda,
yana sallama: kai ne Shekarau?
Kai ne Shekarau?

Ban zage shi ba.
Lissafinsa daidai yake, labarinsa ne ya tsufa.

Layi ɗaya na rubuta: sake ƙirga.
Fankar injin ta ɗaga murya,
shayina ya yi sanyi a kofi.
Da ya farka ya canza ƙofa,
kafin Gambina ta gyara mayafi
ga Shekarau a allo, da lambarsa, da haƙƙinsa.

Na fara murmushi, sai ga ta bayansa,
Tsahara Illo, haihuwar ɗaya ga Janairu,
ita da wasu dubu tamanin
da ba a rubuta ranarsu ba,
gwamnati ta haife su duka a safiya guda.
Ƙofar da ta ceci tsoho ta cushe da tsohuwa.

Sumaila ya ce daga kujerarsa:
"Ki yi wa kowane bango ƙofa mana, ki huta."
Na ce, kowace ƙofa da mai shararta.
Duk sunan da ya shigo gobe
sai an kai shi ga kowacce an rubuta,
mai nema ya huta, mai rubutu ya sha wuya.
Guda na ƙara, suna haɗe da rana,
na rushe wata da ba a taka ba tun bara.
Tsahara ta dangwala yatsa ta tafi,
ba ta san an yi gini saboda ita ba.

Da yamma na hau babur,
na nufi tsohuwar gada,
don a kaina ƙarfe shida fayau take,
yadda na san ta ina ɗalibar jami'a.
Minti arba'in ina shaƙar hayaƙin wata akori-kura,
kogi na wucewa a ƙasa ba ya jiran kowa.

Can wayata ta yi ƙara, Inna ce daga Tawa:
takalmin da na aika wa auta bai shiga ba.
"Lamba talatin da biyar?" ta ce, tana dariya.
"Yaron da ya fara aske gemu?"