Takalmi Guda a Hanyar Kware

Tun daren jajibere Hajo ta ce mini,
"Bana kai kaɗai za ka tafi.
Ka manta bara a tashar Illela?
Modi ya ɓace tun la'asar har magariba,
na iske shi bayan mai tsire
yana kallon garwashi, ko kuka bai yi ba.
Ni na yi kukan."

Na ce mata Inno ta tsufa.
Idonta ya daina rarrabe akuya da tunkiya,
amma tafin hannunta ya san kan kowane jika.
In na isa Kware ni kaɗai,
me zan ce na kawo mata?

Muka raba gardamar kamar naman layya:
kaso ɗaya nata, kaso ɗaya nawa,
na ukun muka bar wa Allah.
Luba da Modi su bi ni.
Jabbi mai haƙori huɗu ya zauna gida.

Ta rubuta lambarta a bayan takardar magani,
ta cusa a aljihun Modi, ta danne da fil.
"Kada rana ta faɗi kuna can."
Na ce to.
Kowa ya san nauyin "to" ɗin ranar Salla.

Inno ta shafa kawuna, ta lissafa,
ta ce, "Ina ƙaramin?"
Na yi shiru, na sha hura.
Aka kawo hanta, aka kawo tuwo,
ƙanen babana ya ɗauko zancen gonar da ba a raba ba,
Luba ta ɓace cikin 'yan mata masu lalle,
inuwar bedi ta miƙe har ta taɓa katanga
ban lura ba.

Sai da hadari ya haɗo daga gabas.

Modi a gaba, kan tanki, ya riƙe madubi.
Luba a baya, barci na fizgar kanta.
Inno ta kwance ɗankwalinta
ta ɗaure yarinyar a ƙuguna, ƙulli biyu,
kamar dai ni ne uwar.

Hanya ta cika da masu komawa.
Samari uku a kan babur guda
suka wuce mu suna ihu, babu fitila,
wata mota mai ido ɗaya
ta zo mana kamar babur, sai da ta matso ta zama mota.
Na sauka gefen kwalta. Na jira. Na hau.
Na sake sauka.
Ban taɓa sanin Sakkwato na da nisa haka ba.

Dab da gadar Rima, ruwa ya fara sauka,
Modi ya ce, "Baba, takalmina ya faɗi."
Sabo ne. Ban gama biyan mai shago ba.
Na ji numfashin Luba a tsakiyar bayana,
ɗumi, ɗumi, ɗumi,
ban tsaya ba.

A Mabera babu wuta.
Haske ɗaya ne a lungunmu,
Hajo ce a bakin zaure da tocila.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta haska fuska, ta haska fuska,
ta haska ƙafafu, ta ƙirga uku a cikin takalmi,
ɗaya tsirara, da laka har idon sawu.
Ta durƙusa ta riƙe ƙafar nan cikin hannu biyu
ta daɗe.

Jabbi na barci da ƙashin haƙarƙari a hannu,
bai san an bar shi ba.

Da na ajiye ƙullin kilishin da Inno ta aiko masa,
Hajo ta kwance ɗankwalin daga ƙuguna,
ta shinshina, ta ninke.
Ta ce, "Wa zai mai da mata wannan?"
Na ce baɗi.
Ta ce, "Da wa da wa?"

Ruwa na dukan kwano.
Babu wanda ya amsa a cikinmu.