Cokalin Hagu

Dusar ƙanƙara ta kwana a kan tuffar bayan gida,
da asuba na ji ƙas! Reshe ya sallama.
Na fita, numfashina yana hayaƙi,
na iske shi kwance, tanƙwararre kamar gwiwar hannu.
Na ce masa, ai kai nake jira tun Nuwamba,

tun ranar da Paraskiva ta faɗi a gaban murhu
ta farka da hannun dama da ba ya amsa kira.
Cokulan gidan nan duk na dama ne.
Ni na sassaƙa su, ni na karkata bakinsu,
shekara arba'in da ɗaya ban lura ba,
sai da na ga hagunta na kokawa da tukunya,
miya tana bin ƙota tana sauka a hannun riga.
Ba ta ce uffan ba.
Shirun ne ya hana ni barci.

Na ɗora reshen a kututture, na tsaga shi biyu.
Ɗanye ne sharaf, yana ƙanshin ɗan itacen da bai haifa ba.
Na cire zuciyar, don ita ke fara tsagewa,
na zana siffa da gawayi,
sai gatari ya ɗauki magana:
sara, sara, dakata, duba.
Babana a bakin kogin Olt yakan ce,
gatari ba ya mayar da abin da ya ci.

Muka kai wa wuƙa.
A nan hannuna ya yi mini gardama.
Ya saba hanya, kamar dokin keken Horezu
da ke kai kansa kasuwa ko mai shi na gyangyaɗi.
Ina jan shi hagu, yana zamewa dama.
Na ajiye wuƙar, na riƙe guntun icen da hagu,
na tuƙa iska a tukunyar da babu kowa a ciki,
kamar wanda hankali ya bari.
Maƙwabcina Serafim ya leƙo ta shinge,
ya girgiza kai, ya koma ga awakinsa.

Akwai ƙulli a wuyan ƙotar,
ido baƙi inda wani toho ya so fita ya fasa.
Na so in kauce masa, ya ƙi.
Na bar shi. Babban yatsa zai samu wurin zama.

Wuƙa mai lanƙwasa ta shiga raren ciki,
sassaƙe na naɗewa suna faɗowa a cinyata
sirara, har haske na ratsa su.
Ba ido ke auna kauri ba, yatsu biyu ne,
ɗaya a ciki, ɗaya a waje, suna gaisawa ta bayan ice.
Sau ɗaya ta zame ta sha jinina.
Na tsotse, na ci gaba.
Ɗigon yana nan a bayan ƙotar, ya zama ruwan ƙasa.

Mako uku yana kwance cikin buhun sassaƙensa
yana bushewa a hankali, nesa da wuta.
Na dafa shi a madara, na goge da ƙashi.

Daren Lahadi ruwa ya tafasa,
garin masara na jira a akushi.
Na ajiye shi kusa da ita, ban ce komai ba.
Ta ɗauka, ta jinjina, ta juya,
yatsanta ya lalubo ƙullin ya zauna.
Ta tuƙa. Tuwon ya bi ta.
Ta kwaso, ta kai baki, ta ɗanɗana,
ta dube ni da rabin fuskar da ke motsi.

Ilarie, ta ce, harshen yana ja da ƙyar,
bakin ya yi kauri.

Faɗan farko ke nan tun Nuwamba.
Na miƙe ina dariya, na nufi inda wuƙa take.