Gado Biyu

Daga hawa na huɗu, ta tagar da ba ta buɗuwa,
ina ƙirga gadojin Newcastle a kan ruwan Tyne.
A bayana gado ne mai tayoyi,
Zuwaira a kai, shekara shida,
an aske mata ƙeya, an ɗinke kamar bakin buhu.

Abin da suka ciro bai wuce ƙwan zabo ba.
Wata uku yana zaune a bayan kanta,
muna kiran aman safe ƙiwar makaranta,
muna yi mata faɗa in ta harɗe da ƙafarta.

Likita Ormerod ta zo da takarda da biro.
Ta ce a bar musu ɗan gutsure
su karanta rubutun da ke cikinsa.
Haruffa huɗu ne kacal, in ji ta,
ana ta jujjuya su har su tashi mutum.
Na ce a'a,
naman 'yata ba na ajiya a firiza ba ne.
Ta mayar wa biron murfinsa.

Ƙarya na yi, ba firizar ce ta tsorata ni ba.
Ƙanena Nafi'u ya tafi yana ɗan bakwai a Funtuwa,
ciwon kai, aka ce, aka rufe shi kafin la'asar.
Tsorona su buɗe ƙarin nan
su tarar da sunana a ciki,
a ce ga gadon da na raba mata tun ina raye.

Ƙarfe biyun dare, wajen injin shayi,
Maureen mai goge daɓe ta jingine sandarta.
Ta nuna wani gini da haɓa:
“Callum ɗina na can, shekara goma sha ɗaya.
Lamba ce yanzu a jikin gilashi.
Yana aikinsa, ina nawa,
tare muke kwana a bakin aiki.”
Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Da safe na sa hannu. Biron ma ƙin rubutu ya yi,
sai da na karce shi a tafina.

Mako uku.

Ba daga gare ka ba ne, in ji Ormerod,
ba kuma daga mahaifiyarta ba.
Tuntuɓen alƙalami ne wajen kwafi,
a ƙwaya ɗaya, rana ɗaya, ba wanda ya ji ƙararsa.
Kuma nata irin mai jin magani ne,
za a rage zafin gashin,
a bar mata wurin da za ta ajiye lissafi.
Na ce ta yaya kuka sani?
Ta ce yaran da suka riga ta ne suka gaya mana.

Na shiga banɗaki na kunna famfo
don kada a ji ni.

Yaron gadon kusa, Tobias, mai son jiragen ƙasa,
hoton kansa da nata kamar an tsaga kara.
Haruffan ne suka saɓa.
A watan Maris aka yaye zanen gadonsa,
babansa ya bar wa Zuwaira tarago ja
wanda har yau ba ta yarda a taɓa.

Yanzu kunnenta na hagu ya yi shiru,
ta dama nake zama in zan ba ta labari.
Duk wata shida ta shiga injin nan mai ruri,
mu kuma mu zauna a benci da numfashi a hannu.
Ba wanda ya ce mana an gama.

Ni dai bas nake tuƙawa, ta dare.
In na hau gada na hango ginin,
akwai taga ɗaya da ba a kashe wa fitila.
Can guntun 'yata yake, kusa da Callum,
wataƙila da Tobias,
suna karanta wa wani yaro da ba a haifa ba tukuna.
Nakan ɗaga ƙafa daga totur.
Wani fasinja ya taɓa tambayata ko lafiya.